Kwikwiyo Mai Tauna Kayan Gida

Manoman Dalijan, a ƙasar Gwandu, sukan ajiye kare don gadin gona da garke. Amma kwikwiyo yakan tauna takalmi, ko igiyar guga, ko akumarin jaki, sai maigida ya hau shi da duka.

Ba mugunta ba ce. Daga wata 4 zuwa 7 yake famfara, haƙora 28 su zube, 42 su fito, dasashinsa na ƙaiƙayi. Duka sai dai ya mai da shi matsoraci, matsoracin kare kuwa ba ya gadi.

Magani shi ne a rataye kaya a sama, a ba shi babban ɗanyen ƙashin saniya ya yi ta gwaigwaya. Kada a ba shi na kaza, yakan tsage ya soke masa hanji.