Rumbun Ilimi a Tirkaniya: Malamin Kimiyya da Gwajin Intanet

Littafin kimiyya yakan tsufa kamar yadda iri yake tsufa a cikin rumbu. Ganinsa a kan kanta ba ya nuna haka, domin bangonsa yana nan lafiya, amma idan aka shuka abin da ke cikinsa a zukatan ɗalibai sai a tarar wani ɓangare ya daina tsiro. Alal misali, littattafan ilimin halittu da aka buga a shekarun 1980 suna kiran kaɗanya Butyrospermum parkii, alhali masana tsirrai sun koma ga sunan Vitellaria paradoxa. Gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Waɗannan littattafai sun lissafa nau'i 4 na ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro da ke kama ɗan'adam, amma binciken da aka buga a 2004 daga ƙasar Maleshiya ya tabbatar da na biyar, wato Plasmodium knowlesi. Haka kuma a da ana ƙiyasta cewa ƙwayoyin gadon ɗan'adam sun kai 100,000, sai aikin tantance su da aka kammala a 2003 da binciken da ya biyo baya suka rage adadin zuwa wajen 20,000.

Wannan shi ne halin da malamin kimiyya yake ciki a unguwa irin Tirkaniya. Littattafan da ke hannunsa kaɗan ne, kuma sun kwana biyu, ga shi ana ta gaya masa cewa komai yana cikin intanet. Tambayar ita ce, me zai ɗauko daga can, ta wace hanya, kuma yaya zai gane gaskiya daga shaci-faɗi?

Unguwar da Makarantunta

Tirkaniya tana kudu da Kogin Kaduna, a yankin da ya haɗa Nasarawa da Kudenda da Kakuri, wato ɓangaren birnin da ya girma a inuwar masana'antu. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu kuma suka biyo bayanta, jama'a daga sassa daban-daban na Nijeriya suka yi ta tururuwa domin neman aiki, Hausa ta zama harshen kasuwa da na tasha a tsakaninsu. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, sai iyaye da dama suka rasa albashi, kuɗin littafi ya zama abin da ake jinkirtawa har sai an gama da na abinci da na haya.

Duk da haka, jarrabawa ba ta jiran kowa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara gwada hakan ga masu zaman jarrabawa a ƙashin kansu. Ashe ke nan ɗalibin da bai taɓa ɗora yatsa a kan na'ura ba zai shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu, na darasi da na tsoron na'ura. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya ƙara fito da giɓin fili. Gwamnatin Jihar Kaduna ta koma ga rediyo da talabijin domin isar da darussa, saboda sanin cewa su ne suka fi shiga gidajen talakawa.

Darasi Daga Jos

Ba yau aka fara wannan gwaji a Arewa ba. A ƙarshen shekarun 1990 wani malami Ba'amurke mai suna Cliff Missen, daga Jami'ar Iowa, ya yi zaman koyarwa a Jami'ar Jos. A wancan zamani intanet tana shigowa ne ta wayar tarho ko ta tauraron ɗan'adam, ga tsada, ga nawa, ga yawan katsewa. Abin da ya gani ya sa shi da abokan aikinsa suka juya tambayar. Maimakon a riƙa aika kowane ɗalibi ya ƙetare teku ya ɗauko shafi guda, me zai hana a nemi izinin masu shafukan, a kwafe su da yawa a cikin babban faifai, a kawo faifan a ajiye a cikin makaranta? Haka aka samar da eGranary a farkon shekarun 2000, sunan da ma'anarsa ita ce rumbun lantarki. Manomi ya san wannan hikima tun fil azal, domin da kaka ake tarawa a ci da bazara.

Jami'ar Cornell ta bi irin wannan hanya a 1999 da tarin mujallun aikin gona mai suna TEEAL, wanda aka fara rarrabawa a faya-fayan CD. Daga baya aka sami hanyoyi na kai-tsaye: Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI a 2002, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta buɗe AGORA a 2003, aka kuma haɗe su da wasu a ƙarƙashin Research4Life. Sai dai waɗannan an yi su ne domin jami'o'i da cibiyoyin bincike da asibitocin koyarwa, irin su Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Malamin sakandare zai fi samun biyan buƙata a wuraren da ƙofarsu take buɗe ga kowa, kamar PubMed, wanda aka mayar kyauta a 1997, da AJOL, wanda aka kafa a 1998 domin mujallun Afirka, kuma mujallun Nijeriya suna da kaso mai tsoka a cikinsa.

Nauyin Rubutu da Nauyin Hoto

Kafin malami ya zaɓi kayan aiki, ya kamata ya san abin da yake biya. Kwamfuta tana auna bayani da ma'aunin da ake kira bayit. Harafin boko guda yakan ci bayit 1, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuma sukan ci 2. Littafi mai shafi 300 wanda rubutu ne zalla bai cika kai megabayit 1 ba, wato bayit miliyan guda. Amma hoton bidiyo na awa guda yakan cinye ɗaruruwan megabayit. Saboda haka malamin da ya ce wa ɗalibai 60 kowa ya je gida ya kalli bidiyon rarrabuwar ƙwayar halitta, ya sa an biya kuɗin abu guda sau 60, ban da waɗanda babu babbar waya a gidansu. Idan kuwa ya sauke shi sau ɗaya ya adana, ya biya sau ɗaya ke nan, kuma ajin baɗi ma zai amfana.

A nan ne jikokin rumbun Jos suke da amfani. Manhajar Kiwix, wadda aka fara a 2007, tana dunƙule Wikipedia da wasu kundaye cikin fayil guda da za a iya karantawa ba tare da intanet ba. Ta Ingilishi gaba ɗaya da hotunanta takan kai wajen gigabayit 100, amma akwai ƙananan tari na kimiyya ko na likitanci kaɗai, akwai kuma na Hausa. Manhajar Kolibri tana yin irin wannan aiki ga darussa da tambayoyin gwaji. Ana iya ɗora su a kan 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, ta riƙa watsa wa wayoyin da ke cikin ɗaki abin da ke cikinta. Wutar da take ci kaɗan ce, farantin hasken rana guda da batir sun ishe ta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a unguwar da wuta take zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana. Ko manyan birane ma sun ɗanɗana, domin a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gabar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik a wurare da yawa. Rumbun da ke cikin makaranta bai san an yi ba.

Abin da Zai Shiga Aji

A makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, kwaikwayon gwaji a kwamfuta ya fi babu. Shirin PhET, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta 2001, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, yana bai wa ɗalibi damar sauya yanayi ya ga sakamako. A ɗaya daga cikin darussansa ana sakin zomaye a fili, a ƙara kyarketai ko a rage abinci, ɗalibi ya ga da idonsa yadda launin gashi yake yawaita ko ya ragu daga zuriya zuwa zuriya. Ana iya sauke shi a yi aiki da shi ba intanet. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wanda aka tsara darussansa bisa manhajar karatun ƙasa.

Amma kwaikwayo ba ya maye gurbin gani da ido. Kogin Kaduna da kududdufan damina ɗakin gwaje-gwaje ne da ba a biyan haya. A cikinsu akwai tsutsar sauro da ƙananan dodon koɗi irin waɗanda suke ɗauke da ƙwayar tsargiya, muddin malami ne zai ɗebo su da safar hannu, ba yara ba. Manhajoji irin su Pl@ntNet da iNaturalist sukan ba da sunan tsiro daga hoton ganye ko fure, sai dai sun dogara ne ga yawan hotunan da aka riga aka ɗora musu, kuma tsirran ƙasar Hausa ba su samu wakilci kamar na Turai ba. Dabarar ita ce a fara gwada su da abin da kowa ya sani, kamar kuka da zogale da ɗorawa da dogonyaro, a ƙirga sau nawa suka dace. A nan tsohon littafi ma yana da rana. Ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da Dakta J. M. Dalziel ya buga a 1916 an ɗauki hotonsa an saka a intanet, kuma ɗalibi zai iya kwatanta shi da abin da kakarsa ta gaya masa.

Haka ya kamata a yi wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka yaɗu tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Aikinsu shi ne harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa su bi juna, don haka sukan ba da amsa mai daɗin ji, wani lokaci har da sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Malamin da ya tambaye su abin da ya riga ya sani a gaban aji, ya sa ɗalibai su farauto kuskuren, ya koyar da darasin da ya fi amsar kanta daraja.

Kanta da Kundin Littattafai

Laburare ba tarin littattafai kawai ba ne, har da sanin inda kowanne yake da wanda ya ara. Manhajar Koha, wadda wani ƙaramin laburare a ƙasar Niyuzilan ya sa aka rubuta a 1999, kyauta ce, kuma ma'anar sunan a harshen Maori ita ce kyauta. Manyan laburarori suna amfani da ita, amma tana buƙatar mai ido a kan na'ura. Makarantar da littattafanta ba su wuce ɗari biyu ko uku ba za ta iya farawa da jadawali mai sauƙi a kwamfuta, a bi tsarin Dewey, inda 570 take nufin ilimin halittu, 580 tsirrai, 590 dabbobi. Abin lura shi ne a ajiye kwafi a takarda, a kuma koya wa mutum fiye da ɗaya, domin sau da yawa aiki yakan mutu ranar da aka yi wa mai shi canjin wurin aiki.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa raba na'urori kaɗai ba ya kawo ilimi. A 2007 an gwada shirin kowane yaro da kwamfutarsa a wata firamare da ke Galadima a Abuja, ya ja hankalin duniya, amma bai yaɗu zuwa sauran makarantun ƙasar ba. Na'ura tana buƙatar wuta da gyara da malamin da ya san abin da yake nema da ita.

Malamin kimiyya yana da makamin da ya dace da wannan aiki, wato gwaji. Idan yana da aji biyu masu mataki ɗaya, sai ya koyar da darasi guda, ɗaya da allo da alli kaɗai, ɗayan kuma da ƙarin manhaja, ya yi musu tambayoyi iri ɗaya kafin darasi da bayansa, ya rubuta kuɗin da ya kashe da mintocin da suka salwanta wajen jiran na'ura. A darasi na gaba ya musanya su domin kada a tauye wa kowa haƙƙi. Bayan zango guda zai sami hujjar da zai kai gaban shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, ya nuna abin da ya cancanci a saya da abin da ya kamata a bari. Idan malamai goma a Tirkaniya da Nasarawa da Kakuri suka yi haka suka haɗa sakamakonsu, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda hedkwatarta take nan Kaduna, za ta sami abin dubawa wanda aka auna a cikin azuzuwan da take horar da malamai dominsu.