Sarƙar da ba a gani cikin injin babur

Ƴan uwa manoma da ƴan kabu-kabu, da yawa daga baburan da muke hawa suna da sarƙa biyu. Ta farko kowa ya san ta, ita ke jan tayar baya. Ta biyu tana ɓoye cikin inji, cikin baƙin mai. Makanikan hayin Najeriya suna ce mata taimin. Ƙarama ce, kuɗinta ba yawa. Amma in ta tsinke tsakanin Tibiri da Kore Mairuwa, ga mai naƙuda a baya, sai tura babur cikin rairayi.

Mene ne aikinta? A kan inji akwai ƙananan ƙofofi biyu, su ne supap. Ɗaya na buɗewa iska da esansi su shiga. Ɗayar na buɗewa hayaƙi ya fita. Ƙarƙashinsu pisto yana hawa yana sauka. Ku dubi mata biyu masu lugude a turmi guda. Wagga ta ɗaga, waccan ta sauke. In ɗaya ta kuskure lokaci, taɓare su gwabzu. Haka pisto da supap suke, sarƙar nan ce ke ba kowane lokacinsa. Tana zagaye faranti biyu masu haƙora. Na sama ya ninka na ƙasa haƙora, don haka na ƙasa ya juya sau 2, na sama sau 1. In sarƙa ta saki ta tsallake haƙora, pisto na iya bugun supap ya lanƙwasa su. Daga nan gyara ya zama babba.

Sarƙar ba ta mutuwa ba sallama. In ta tsufa tana ƙara tsawo. Za ku ji caccaka a gefen inji, kamar tsakuwa cikin gwangwani, musamman da safe. Babur ya rage ƙarfi, ya yi wuyar tashi. Mai shi kuwa ya ce sai bayan kasuwa, sai bayan girbi. Abin da ke cinye ta shi ne tsohon mai. Injin babur wajen lita guda yake sha, kuma ƙurar hunturu da rairayin Dallol Mauri ba su daɗewa ba su ɓata shi ba. Shawararmu, a canza mai kowane kilomita 1.000.

Ba kowane inji ke da ita ba. Tsohon samfurin Honda CG 125, wanda anka fara yi a 1975, da waɗanda Sinawa sunka kwaikwaya, ƴan sanduna ke tura supap ɗinsu. A motoci, Peugeot 404 da 504 masu shan esansi sarƙa gare su. Hiace da yawa masu shan gazuwal bel na roba gare su, shi kuwa yakan tsinke ba gargaɗi. Gyaran na mota a bar wa gareji.

Na babur ana iya yin shi a gida, in akwai kayan aiki da natsuwa. A shimfiɗa buhu mai tsabta a inuwa, kada a buɗe inji bisa rairayi. A tsiyaye mai, a cire buji. A buɗe murfin hagu, inda babban faifan ƙarfe mai ba da wuta yake. Akwai ƙarfe na musamman na zare faifan. A aro shi wajen makaniki. Wanda ya sa guduma zai yi ɓarnar da ta fi ta farko.

Kada a sayi sarƙa ita kaɗai. Tana da abokan tafiya: robar da take bi, da abin da ke matse ta don kada ta saki. Tare suke tsufa. Sabuwar sarƙa bisa cinyayyar roba ba ta daɗewa. In haƙoran faranti sun yi tsini, shi ma a canza shi. Ku tafi kanti da tsofaffin a hannu, a Tibiri ko Dogon Dutsi, a gwada tsawo a gabanku.

Ga inda karatunku zai yi amfani. A jikin faifan nan an rubuta haruffa biyu, T da F. F ta wuta ce, ba ita muke nema ba. A juya faifan har layin T ya zo daidai da tsagar da ke jikin inji. A nan pisto ya kai ƙarshen hawansa. Sannan a dubi farantin sama. Shi ma yana da alama, ɗan zobe ko layi. A daidaita ta da tata tsagar, kana a ɗora sarƙa. Haƙori ɗaya in ya goce, inji ba zai yi daidai ba. Mutane da dama a nan suke faɗuwa, don sun ɗauki F a matsayin T.

In an ɗaure, kada a yi gaggawar tayar da inji. A juya faifan da hannu, a hankali, zagaye 2. In an ji ya cije, a tsaya, kada a tilasta: pisto ne ya taɓa supap. A kwance a sake. In ya juya sumul, alamomin biyu sun dawo wurinsu, to a daidaita tazarar supap, a rufe, a zuba sabon mai, a mayar da buji. A bar inji ya yi aiki a tsaye na ɗan lokaci, ana saurare, ana duba ko mai na ɗiga, kafin a ɗauki kowa.