Wa Ya Kashe Kajin Inna?

Bayan sallar magariba kwalin ya iso gidanmu a Dingaya, ɗaure da roba a bayan babur ɗin ɗan acaɓa. Ƙanena ya yi wata huɗu yana tara kuɗinsa. Tun yana yaro ba shi da zance sai na tattabaru, kuma a wannan karon ya ga wasu masu gashi har ƙafa a hannun wani mai sayarwa a Kano, ya biya ta waya, aka ce za a ba mota saƙo. A tsakar gida ya yanke salatif ɗin, ni ina riƙe masa da tocila. Tsuntsaye takwas aka aiko: tattabaru shida da kanari biyu a cikin ɗan kejin waya. Kanarin duka sun sandare. Tattabaru uku sun mutu baki buɗe, fukafukai a sake. Sauran ukun suna da rai, sai haki suke yi kamar waɗanda aka yi tsere da su.

"An cuce ni, Yaya," in ji shi. "Marasa lafiya ya zubo min."

Ni ma abin da na fara zato ke nan. Amma a wayarsa akwai bidiyon da mai sayarwar ya turo da ƙarfe bakwai da rabi na safe daga tasha. Na kalle shi sau uku. Tsuntsayen suna tsaye garau, kanari na tsalle daga sanda zuwa sanda, ga ramukan iska an huda a gefe biyu na kwalin, ga ɗan gwangwanin ruwa a kusurwa. Da muka kira mutumin, ya rantse ya maya, sannan ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai: "Alhaji, kullum daga Ibadan ake aiko 'yan tsaki har Arewa, su kwana a hanya su iso lafiya. Nan da Gwaram ne zai gagara?"

To, da rai suka bar hannunsa. Sai na koma lissafin lokaci. Daga Kano zuwa Birnin Kudu ta Wudil da Kwanar Huguma tafiyar 'yan awoyi ce, kuma ko da an haɗa da canjin mota zuwa ɓangaren Gwaram, ya kamata saƙon safe ya riski azahar a gida. Wannan ya kai magariba. Ina sauran awoyin suka tafi?

Washegari na ɗauki kwalin na nufi Birnin Kudu. Ɗan kamashon da ya karɓi saƙon bai ɓoye komai ba. Ya ce motar Kano ba ta iso ba sai wajen la'asar, kwalin kuma ya zauna a gefen tebur ɗinsa kusan awa ɗaya kafin a samu mai zuwa Gwaram. "Malam, ban san rai ne a ciki ba sai da na ji motsi." Yaron motar ne ya cike min giɓin. Kwalin shi aka fara sa wa a but tun ƙarfe takwas, saboda shi ya fara zuwa. Motar ba ta cika ba sai da rana ta take. A tsakanin nan an yi ta loda buhuna a kansa da gefensa har but ɗin ya ƙi rufuwa, aka ɗaure murfin da igiya. Ya ƙara da cewa wata tsohuwa a kujerar baya ta yi ta ƙorafin hayaƙi da ciwon kai har suka iso.

Sai a lokacin na duba kwalin da idon basira. Gefe ɗaya ya lotsa, ga zanen saƙar buhu kwance a kan ramukan iskar. Ɗaya gefen kuwa ya yi baƙi-baƙi, na shafa, tokar salansa ta biyo yatsana. Gindinsa ya jiƙe ya bushe, alamar ruwan ya zube tun a gargadar farko.

Na kai wa wani likitan dabbobi da muka yi makaranta tare. Ya juya kwalin, ya saurari labarin, ya tambaye ni abu ɗaya: wa ya fara mutuwa? Na ce kanarin sun fi sandarewa. Ya gyaɗa kai.

Bayanin da ya yi min shi ne wannan. Tsuntsu ba ya gumi. Zafin jikinsa dama tsakanin digiri 40 zuwa 42 yake, wato kusan daidai da zafin inuwa a Jigawa cikin Afrilu, kuma hanyarsa ta rage zafi ita ce ya buɗe baki ya yi haki, ya saki fukafukai. Hakin nan ruwan jikinsa yake ci, kuma yana buƙatar iska mai wucewa. A kwalin da buhu ya toshe, numfashin tsuntsaye takwas shi kansa murhu ne. Sannan ga hayaƙi: idan mota na gudu but a buɗe, iskar da ke juyawa a bayanta tana mayar da hayaƙin salansa ciki. Tsarin numfashin tsuntsu yana zuƙar abin da ke cikin iska fiye da na mutum, shi ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986. Idan kanari ya faɗo daga sanda, sun san guba ta taru, sai su fice. Hayaƙin da ya sa tsohuwa ciwon kai a kujerar baya ya isa ya kashe kanari a but.

Na kawo masa hujjar 'yan tsakin Ibadan. Ya ce gaskiya ce, amma ba a nan take aiki ba. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da guzurinsa: ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda za ta riƙe shi kusan awa 72 ba ci ba sha, kuma shi a kwanakin farko ɗumi yake so. A kan wannan ne gidan waya na Amurka yake karɓar 'yan tsakin kwana ɗaya tun 1918. Duk da haka, a 2020, da aka samu jinkirin wasiƙu a can, kusan 4,800 ne suka isa jihar Maine a mace. Babban tsuntsu ba shi da wannan guzuri, ƙarami irin kanari kuwa yini ɗaya ba abinci yana iya kai shi ƙasa. Ba banza ba dokar gidajen waya ta duniya ta hana sa dabba mai rai a saƙon ƙasa da ƙasa, in ban da 'yan ƙwari kamar ƙudan zuma da tsutsar siliki. Mu kuwa but ɗin mota shi ne gidan wayarmu, kuma ba wanda ke tambayar abin da ke cikin kwali.

Na koma gida da amsa, na ɗauka magana ta ƙare. Tattabaru ukun sun farfaɗo, ƙanena ya sake su cikin nasa, suna sauka su sha ruwa a kaskon da kajin Inna ke sha.

Kwana shida bayan haka zakaran Inna ya ƙi fita daga akurki. Kafin dare ya mutu. Washegari kaji biyu, jibi huɗu. Wanda bai san ƙauye ba zai ce ai kaji ne kawai. Kajin nan su ne asusun Inna: da su take sayen sabulu da magani, da su take fita kunyar biki da suna, kuma ɗaya daga cikinsu tana kwance a kan ƙwai goma sha biyu. Cikin mako guda, a cikin kaji ashirin da uku saura biyar. Gidaje biyu na kusa da mu ma suka fara kwasar gawa.

Gida ɗaya ne kawai abin bai taɓa ba, gidan maƙwabciyarmu ta gabas, wadda kajinta ke tsallako katanga kullum su ci tsaba a tsakar gidanmu. Kuma da ma an taɓa samun 'yar tsama tsakaninta da Inna a kan wata akuya da ta yi ɓarna. Ba sai na faɗi abin da aka fara raɗawa ba. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji Inna. "Nata suna ci a nan suna sha a nan, ko mura ba su yi ba. Guba aka barbaɗa min." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kada mu ɗauki alhakin baiwar Allah." Amma a raina ni ma na ga biri ya yi kama da mutum, kuma wannan shi ne abin da har yau nake jin nauyinsa.

Ni tsorona daban ne: murar tsuntsaye. Wanda ya yi wayo a 2006 yana tuna lokacin da aka tabbatar da ita a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, da yadda ta bazu zuwa Kano aka yi ta binne kaji a ramuka. A farkon 2007 ta kashe wata budurwa a Legas, a 2015 kuma ta sake dawowa. Na kira abokina likita, ya ce kada kowa ya yanka ko ya ci wadda ta kwanta, a hana yara taɓa gawar, yana tafe.

Da ya zo, bai fara da matattun ba. Ya tsuguna gaban masu sauran numfashi. Kashinsu kore ne mai ruwa, suna miƙa wuya suna jan iska, ɗaya kuma wuyanta ya murɗe, kanta na kallon sama tana zagaye wuri ɗaya. Ya ce guba ba ta yin haka. Masu cin guba tare suke faɗuwa, a yini ɗaya, ba ɗaya yau biyu gobe huɗu jibi ba, kuma ba ta tsallaka katanga ta bi gidaje. Wannan hawa-hawa na cuta mai yaɗuwa ne. Ya ce alamun sun fi kama da cutar Newcastle, wadda duk mai kiwon kaji a ƙasar Hausa ya san ɓarnarta ko da bai san sunan ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne lokacin: ita da hunturu ta fi zuwa, ga shi muna tsakiyar bazara.

"Inna, an kawo sabuwar kaza gidan nan kwanan nan? Daga kasuwar Sara ko wani wuri?"

"Ko ɗaya, Likita."

Sai ƙanena ya sunkuyar da kai. Ya shiga ɗakin tattabarunsa ya fito da ɗaya daga cikin baƙin nan uku. Kwana biyu ke nan, in ji shi, tana saran tsaba tana kuskurewa. Wuyanta ya fara karkacewa.

Likita ya ƙirga kwanakin da yatsa. Cutar kan ɗauki kwana biyu zuwa goma sha biyar kafin ta bayyana, galibi biyar ko shida. Tattabara na iya ɗauke da ƙwayar tana zubar da ita a kashi alhali a ido lafiyarta ƙalau, musamman wadda ta fito daga inda ake tara tsuntsaye iri-iri keji a kan keji. Wahalar hanya kuma tana karya garkuwar jiki, abin da ke kwance ya tashi. Ya ce ko a Birtaniya a 1984, tattabaru ne suka ɓata abincin kaji da aka adana a tashar jiragen ruwa ta Liverpool, cutar ta shiga gonaki sama da 20. A gidanmu kaskon ruwa ne ya yi wannan aikin.

Saura tambayar da ta fi ci wa Inna rai. Likita ya yi sallama a gidan gabas, muka bi shi. Ya tambayi matar ko ta taɓa yi wa kajinta wani abu. Ta ce wata biyu da suka wuce ɗanta ya zo da wata 'yar kwalba a cikin ƙanƙara, ya ɗiga wa kowace kaza ɗigo ɗaya a ido. Ta ma yi wa Inna tayi a lokacin, amma ana cikin fushin akuya. Wannan ɗigon shi ne rigakafin Newcastle, irin wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato take haɗawa. Likita ya ce kajinta su ne babbar shaida: da murar tsuntsaye ce, wannan ɗigon ba zai kare su ba, da guba ce kuwa, da su ma sun ci. Ya ɗauki samfur ya aika gwaji duk da haka, sakamakon ya dawo ya tabbatar da maganarsa.

Inna ba ta ce komai ba a wurin. Da daddare ta ɗauki goro ta shiga gidan gabas, ta daɗe ba ta fito ba.

Kafin ya tafi, likita ya ja ƙanena gefe, don ya ji yana zancen aku. Ya ce masa aku mai jan wutsiya tun 2016 yarjejeniyar kare namun daji ta CITES ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma aku da tattabara suna iya ɗauke da wata cutar da ke kama huhun mutum ta ƙurar busasshen kashinsu. A 1929 zuwa 1930 akun da aka yi safara daga Kudancin Amurka sun yaɗa ta a ƙasashe da dama, mutane sama da 100 suka mutu. Tana jin magani idan an gane ta da wuri, don haka mai kiwon tsuntsu da zazzaɓi da tari suka kama ya gaya wa likita abin da yake kiwo.

Mun binne matattun a rami mai zurfi, muka ƙone shimfiɗar akurki, muka fasa kaskon. Daga ƙarshe kaji huɗu suka rage wa Inna, ƙanena kuma ya rasa fiye da rabin tattabarunsa na da.

Mai karatu, idan tsuntsu ya burge ka a waya, je ka ɗauko shi da kanka. Ka taso da asuba, ka sa shi a kwando mai shan iska, ka riƙe shi a cinyarka, ka ba shi ruwa duk inda aka tsaya. Idan kun iso, ka ware masa wuri da kasko nasa shi kaɗai har wata guda kafin ya haɗu da na gida, kuma ka sa a ɗiga wa kajin gidanku rigakafi tun kafin ya shigo.