Wasan da ya ci aikin wani, ya bar na wani

A fadojin shayi daga Garhanga zuwa Kaita, idan aka ce an sallami wani daga aiki saboda barkwancin da ya tura a WhatsApp, abin da za ka fara ji shi ne: "Haba, ai wasa ne! Mu da muke da taubasantaka?"

Wannan magana tana ba ni haushi. Gaskiya ne a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya. Amma wasan yana da ƙa'ida. Bazabarme ya zolayi Buzu, Bafillace ya zolayi Babarbare, kowa ya san taubashinsa, kuma wanda aka caccaka yana da bakin ramawa nan take. To mai shara a ofis, ta ina za ta rama wa darakta? Dariyar da take yi ta tsoron albashi ce.

Sai dai babban laifin yana wajen shugabanni. Ku dubi BBC da muke saurare safe da yamma. A watan Mayu na 2019 ta kori ma'aikacinta Danny Baker bayan ya wallafa hoton biri yana alaƙanta shi da jaririn Yarima Harry, jaririn da kakarsa baƙar fata ce. Wata guda bayan haka, 'yar barkwanci Jo Brand ta yi raha a rediyon BBC kan watsa wa 'yan siyasa ruwan batir. Ba a kore ta ba. Ko da laifin su biyun bai zo ɗaya ba, jama'a sun yi ta tambayar da wace tiya aka auna.

Nan ne gizo ke saƙar. Mai hatsin da ke saye da babbar tiya ya sayar da ƙarama, ba ya daɗewa a kasuwar Buza. Uban da ya doki ɗan bora kan abin da ya yi wa ɗan mowa murmushi, gaba ya shuka a gidansa. Haka shugaban da ya ƙyaƙyace da dariya jiya don ɗan garinsu ne ya yi maganar, yau ya miƙa wa baƙo takardar sallama.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 25 ga Satumba 2012 ta yarda a kori ma'aikaci ba tare da wa'adi ba idan laifin babba ne, amma kotu ce ke da maganar ƙarshe kan girmansa. Kafin kotu akwai sufeton ƙwadago mai sasantawa. Ma'aikata nawa ne a Adar suka san ƙofar ofishinsa?

Idan abin ya same ka, kada ka goge saƙon, ka nemi a rubuta maka dalilin korar, sannan ka kama hanyar ofishin sufeton a Tawa.