Kyankyaso Da Ciwon Asma

Sau da yawa idan yaro ya farka tsakar dare yana tari, numfashi na fita da ƙyar, ƙirjinsa na kuka kamar usur, sai iyaye su ce sanyi ne ya kama shi. Alhali kuwa mai yiwuwa ne mai laifin yana nan bayan kabad ko ƙarƙashin buhun gari, watau kyankyaso.

Ba cizo yake yi ba. Kashinsa da yawunsa da ɓawon da yake saɓulewa su ne ke bushewa, su dagargaje, su gauraya da ƙurar ɗaki. Wanda jininsa bai jitu da su ba, da ya shaƙa sai hanyoyin iska na huhunsa su kumbura su tsuke, majina ta taru, asma ta tashi.

Tun cikin 1964 wasu likitoci biyu a Amurka, Bernton da Brown, suka fara nuna cewa jikin wasu mutane ba ya shiri da wannan ƙwaro. A 1997 kuma aka buga sakamakon binciken yara 476 masu asma a unguwannin talakawa na manyan biranen ƙasar. Yaran da jininsu bai jitu da kyankyaso ba, kuma ga dattinsa jibge a ɗakin kwanansu, an kwantar da su asibiti wajen ninki uku na sauran.

To, wannan magana ta shafi mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan ƙwarai, inda ɗaki guda yakan zama wurin kwana, wurin girki, kuma wurin ajiyar kayan sayarwa. Ga zafi ga laima, abin da kyankyaso ke so ke nan. Laimar nan kuma ita ke raya wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani cikin katifa da matashin kai, su ma suna tayar da asma, haka ma fitsarin ɓera.

Wani kuskure da ake yi shi ne a rufe ɗaki a fesa magani, a ce an huta. Warin maganin kansa yana iya tayar da ciwon, gawar kyankyason kuwa da kashinsa suna nan cikin ƙura har watanni. Abin da ya fi shi ne a toshe tsagar bango, a rufe abinci, kada a kwana da kwanukan da ba a wanke ba, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a wanke zanen gado da ruwan zafi. Lokacin shara a fitar da mai ciwon waje, kuma kada a daina ba shi maganin shaƙa da likita ya rubuta.