Sawun taya: lissafin da zai amfani mai amalanke

Ƴan'uwa manoma, idan kakar albasa ta zo, amalanke ba ya hutawa tsakanin garakenmu na kwarin Tarka da kasuwannin Madawa da Sabon Gida. Sau da yawa mukan ga ya kafe cikin rairayi ana ta dukan jaki, alhali laifin yana ga taya.

Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da kaya. Mai faci yana auna ƙarfinta da ma'aunin da ake kira bar. Bar 1 yana tallafe kimanin kilo 1 bisa kowane santimeta murabba'i, wato ɗan fili mai santimeta 1 tsawo, santimeta 1 faɗi. Ƙa'idar ita ce: a raba nauyin da ke kan taya da ƙarfin iskarta, abin da ya fito shi ne girman sawunta a ƙasa.

Ga misali. A ce amalanke da buhunansa sun kai kilo 600. Taya biyu ne, kowace ta ɗauki kilo 300. In iskar bar 2 ce, 300 raba 2 ya ba da 150: sawu kamar tafin hannun babban mutum. In aka rage iska zuwa bar 1, sawun ya zama 300, ya ninka.

Cikin rairayi, sawu mai faɗi ba ya nutsewa sosai, don haka rage iska kaɗan yana taimakon dabba. Amma bisa kwalta ko hanyar duwatsu irin ta Buza da Keita, taya maras iska tana nauyin ja, gefenta ya tsage. Da an fito rairayi sai a mayar da iska.

Lissafin ya shafi garka ma. Ƙarfin da taya ke danne ƙasa da shi kusan daidai yake da ƙarfin iskarta. Tayar babbar mota takan kai bar 7 ko 8. In ta taka fadama mai laima sai ƙasa ta daskare, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa ratsawa. Mota ta tsaya bakin hanya, amalanke ya fito mata da kaya. Rigakafi ya fi magani.

Aiki ga ɗaliban yaƙi da jahilci: kilo 900, taya biyu, iska bar 3. Nawa ne sawun kowace taya? Ku kai wa malaminku amsa.