Ko Kun Sani? Ƙarar Zaɓe Tana da Wa'adi

Idan aka yi jayayya kan ƙuri'un da aka kaɗa a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Kusada, ba kotun majistare ko ta shari'a ake zuwa ba. Ɗan takarar majalisar wakilai a mazaɓar Kankiya, Kusada da Ingawa kotun sauraron ƙararrakin zaɓe yake nufa, wadda sashe na 285 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada.

Alƙalai 3 ne ke zama, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ke naɗa su, kuma ana iya sa ƙadin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a cikinsu. Kwana 21 gare mai ƙorafi ya shigar da ƙara bayan sanar da sakamako, su kuma alƙalai kwana 180 gare su su yanke hukunci. Shari'ar ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tuƙewa, ta gwamna kuwa har Kotun Ƙoli.

Wa'adin kwana 180 gyaran 2010 ne ya kawo shi, kuma ya dace ƙwarai. Kafin nan, 'yan Katsina biyu, Buhari da 'Yar'aduwa, sun yi shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2007 har Disambar 2008.